Gyaran Launi da Ingancin Hoto a Finafinan Bidiyo na Gida

Gyaran launi shi ne aikin daidaita haske, duhu da launukan hoton fim bayan an gama ɗauka, kafin a fitar da shi kasuwa. Ingancin hoto kuwa shi ne gwargwadon yadda hoton da ya iso gaban mai kallo ya riƙe kaifinsa, launinsa da cikar faɗinsa. Abubuwan nan biyu tafiyarsu ɗaya a harkar finafinan bidiyo na gida, wato waɗanda ake saya ko a yi hayarsu a kalla a ɗaki, ko ta kaset ne, ko faifai, ko katin memori, ko intanet. Fim guda yakan fito da kama dabam a kowane ɗaya daga cikinsu. Wani lokaci mai fim ne ya sauya launin da gangan, wani lokaci kuma mazubin da aka zuba fim ɗin a ciki ne ya kasa ɗaukar duk abin da kyamara ta gani.

Batun yana da nauyi a ƙasar Hausa, domin a kan kaset aka haifi masana'antar finafinan Hausa a 1990. Mai kallo a Unguwar Rogo ta birnin Sakkwato, wanda tsakaninsa da Kano ya haura kilomita 500 ta mota, ya ɗauki shekaru yana kallon kwafin da aka yi daga wani kwafin. Launin da ya sani a matsayin launin fim, sau da yawa, launi ne da hanya ta riga ta ci rabinsa.

Matakan aikin

Aikin ya kasu kashi biyu. Na farko gyara ne tsantsa: a mayar da fari ya zama fari, baƙi ya zama baƙi, a sa fitowar da aka ɗauka da hantsi ta dace da wadda aka ɗauka da la'asar idan labari ya nuna lokaci ɗaya ne. Hasken rana ya fi karkata ga shuɗi, na ƙwan lantarki mai zare ya karkata ga ruwan goro, doguwar fitila kuma takan bar ɗan kore a fuska. Idon mutum yana gyara wannan da kansa ba tare da mai shi ya lura ba, amma ita kyamara sai an saita ta a kan wani farin abu kafin a fara ɗauka. In aka manta, aikin ya koma kan mai tace hoto.

Kashi na biyu shi ne ba fim launin da ya dace da labarinsa. Ana iya rage kala a fitowar makoki, a ƙara ɗumi a ta biki, ko a rina fitowar tuna baya da ruwan ƙasa don mai kallo ya gane an koma da. Wannan zaɓi ne na darakta da mai ɗaukar hoto, kuma a kansa ne gardama takan tashi idan aka sake fitar da tsohon fim da sabon launi.

Daga majigi zuwa akwatin talabijin

A zamanin fim na zare, irin wanda ake haskawa da majigi, a ɗakin wanki ake daidaita launi. Ma'aikaci yakan ƙara ko ya rage hasken fitilu uku, ja da kore da shuɗi, yayin da ake buga kwafi daga asalin zaren da ya fito daga kyamara. Gyaran na fitowa ɗaya ɗungurungum ne. Ba a iya taɓa fuska a bar riga.

Da bidiyon gida ya zo, bayan kamfanin Sony ya fitar da Betamax a 1975, JVC kuma ya fitar da VHS a 1976, sai ya zama dole a juyar da waɗannan finafinai zuwa kaset. Juyin yana sauya abubuwa uku. Na ɗaya, zaren fim ya fi talabijin iya riƙe bambanci tsakanin wuri mai tsananin haske da mai tsananin duhu, don haka sai mai juyawa ya zaɓi wanda zai ceta. Na biyu, fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, talabijin ɗin Nijeriya kuwa da 25, sai a ɗan hanzarta shi. Fim na awa biyu yakan ragu da kusan minti biyar, muryoyi kuma su ɗan ƙara siranta. Na uku shi ne faɗi. Finafinan Indiya da na Amurka da yawa faɗin hotonsu ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu, allon tsohon talabijin kuwa huɗu ne bisa uku. Don a cika allo, sai a yanke gefe da gefe, a yi asarar sama da kashi 40 cikin ɗari na hoton. Wanda ya ga fim ɗin Indiya a silima, sannan ya sake ganinsa a kaset, zai tarar masu rawa na gefe sun ɓace, wani lokaci ma mutum biyu na magana amma hancin ɗayan kawai ake gani.

Akwai kuma bambancin tsarin launi tsakanin ƙasashe. Nijeriya ta ɗauki PAL kamar Ingila, Nijar ta ɗauki SECAM kamar Faransa, Amurka da Japan kuma suka ɗauki NTSC. Wannan ya shafi Sakkwato kai tsaye, saboda kasuwancin da ke tsakaninta da Birnin Ƙonni ta kan iyakar Illela. PAL da SECAM duk layi 625 suke amfani da shi, saboda haka hoto yakan fito idan aka haɗa kaset ɗin wannan da akwatin wancan, amma yadda kowanne yake ɗauke da launi ya sha bamban, sai fim mai kala ya koma baƙi da fari. Yaɗuwar akwatuna da bidiyoyi masu karɓar PAL da SECAM duka ita ta kawar da matsalar. Kaset ɗin NTSC, mai layi 525, shi sai an juya shi, juyin kuma yakan bar hoto da taushi, launin fata ya karkace.

Zamanin kaset

Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa, wanda ya fito a Kano a 1990, shi ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na kasuwa. Kafin shi, masu kallo sun saba da wasannin gidajen talabijin irin su Samanja na Kaduna da Idon Matambayi na Sakkwato. Finafinan farko da kyamarorin VHS aka ɗauke su, irin waɗanda ake ɗaukar biki da taro da su, kafin a samu S-VHS, wanda JVC ya ƙirƙiro a 1987, mai hoto mafi kaifi.

Raunin VHS a wajen launi yake. Na'urar tana rubuta hasken hoto dabam, launinsa dabam, kuma launin ne aka ba ƙaramin gurbi a kan zare. Kaifin hasken yakan kai kimanin layi 240, na launin kuwa bai wuce 30 zuwa 40 ba. Hoton VHS ya yi kama da zanen da aka yi da alƙalami mai tsini, sannan aka shafa masa fenti da soso. Ja ne ya fi shan wahala: jar dara ko jan gyale sukan malalo su wuce iyakarsu, su riƙa rawa a allo. Zanen atamfa mai ƙananan furanni yakan narke ya zama dabbare-dabbare.

Babbar asarar kuma a wajen kwafi take. Kowane juyi daga kaset zuwa kaset yana rage kaifi, ya ƙara tsaki-tsaki a hoto, ya ture launi gefe. Tsarin kasuwar Kano ya sa juyin ya yawaita. A lokacin, furodusa yakan buga kwalin fim, ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata tare da masta, su kuma su sayi kwalayen, su zuba fim ɗin a kasusuwan da ba komai a kansu ta hanyar jera bidiyoyi masu yawa suna kwafa lokaci guda. In aka ƙirga, kaset ɗin kyamara shi ne na farko, mastan da aka tace na biyu, wanda ɗan kasuwa ya ajiye yana kwafa daga gare shi na uku, wanda aka sayar na huɗu. Idan mai shago a Gusau ko Sakkwato ya sake juyawa don haya, an shiga na biyar. A wannan mataki fuskoki sun yi dishi-dishi, launi yana zuwa yana ɗaukewa, saman hoto yana lanƙwasa. Finafinan da suka yi tashe irin su Sangaya da Wasila ta wannan hanya suka shiga gidaje masu ɗimbin yawa, kuma yawan neman fim shi ke ƙara yawan juyinsa.

Yanayin gari ma yana da nasa rabon. Sakkwato na cikin garuruwa mafi zafi a Nijeriya, inda zafi kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, zafi kuwa yana sa zaren kaset ya miƙe ko ya manne. Ƙurar hunturu tana toshe kan bidiyon da ke karanta zare, har sai an buɗe an goge. Kaset ɗin haya da ya zaga gida ashirin ya kwaso dattin bidiyo ashirin. In wuta ta yi ƙasa, hoton tsohon akwati yakan tsuke, launinsa ya dusashe.

Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya yi rubutu a kan wannan a wata maƙala a 2004 da kuma littafinsa Signal and Noise na 2008. Ya nuna yadda finafinan Indiya da na Amurka suke biyowa ta Dubai su iso Kano a kwafe su, da yadda dusasshen hoto da gurɓatacciyar murya suka zama abin da ido da kunne suka saba da shi, har suka zama wani ɓangare na yadda jama'a suka san fim.

Zamanin faifai

Faifan VCD an ƙirƙiro shi a 1993, amma sai a shekarun farko na 2000 ya mamaye kasuwannin Arewa, bayan na'urorin kunna shi masu araha sun shigo daga Sin. A daidai lokacin masu shirya fim suka koma ɗauka da ƙananan kasusuwan MiniDV, suna tacewa a kwamfuta. Wannan ya kawo wani giɓi. Kyamarar tana ɗaukar hoto mai ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, VCD kuwa 352 ne da 288, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Yawan bayanan da kaset ɗin DV ke ajiyewa a kowace daƙiƙa ya ninka na VCD fiye da sau ashirin. Abin da edita ya gani a kwamfutarsa da abin da mai saye ya gani a gida, tamkar fim biyu ne.

Lalacewar hoton faifai ba irin ta kaset ba ce. Don a matse fim ya shiga faifai, na'ura tana yanka hoto gida-gida, ta ajiye abin da ya motsa kawai tsakanin wannan hoto da mai bi masa. In mutum biyu na zaune suna hira a falo, hoto yakan fita tar. In aka zo rawa da waƙa, inda kowa ke motsi, kyamara na juyawa, ga furanni ga ruwa na tsiri, ga anko mai zane, sai bayanan su yi wa faifan yawa, hoto ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai. Ke nan fitowar da finafinan Hausa na lokacin suka fi taƙama da ita, ita ce VCD ya fi ɓatawa. Duhu ma haka: fitowar dare takan zama curin baƙi mai motsi.

Faifai ya zo da wata fa'ida da ta zama illa. Kwafinsa ba ya rage komai. Na ɗari daidai yake da na farko. Mai kallo a Sakkwato ya fara ganin hoto iri ɗaya da na Kano, amma mai satar fasaha shi ma ya samu kaya da ba a bambanta shi da na gaske. Faifai ɗaya yana ɗaukar minti 74 zuwa 80, abin da ya dace da al'adar raba fim kashi na ɗaya da na biyu. Da DVD ya zo, mai ɗigo 720 da 576, an samu damar fitar da hoto kusan yadda kyamara ta ɗauke shi. Sai dai kasuwa ta cika da faifan da aka cusa wa finafinai goma ko ashirin, kowanne an matse shi har ya koma ƙasa da VCD. Sunan DVD a jikin kwali bai zama shaidar inganci ba.

Gyaran launi a kwamfuta

A Amurka, fim ɗin O Brother, Where Art Thou? na shekarar 2000 ya yi suna a matsayin na farko a manyan finafinan can da aka gyara launinsa baki ɗaya a kwamfuta, inda mai ɗaukar hoto Roger Deakins ya mayar da koren ciyawar damina ya koma launin busasshiyar kaka. A lokacin aikin na masu hannu da shuni ne. Abubuwa biyu suka sauko da shi ƙasa. A 2008 Canon ya fitar da kyamarar 5D Mark II, wadda ke ɗaukar bidiyo mai ɗigo 1920 da 1080 a farashin da ƙaramin kamfani zai iya. A 2009 kuma Blackmagic Design ya sayi manhajar DaVinci Resolve, daga baya ya fitar da wani nau'inta kyauta. Daga nan editocin Kano, Kaduna da Jos suka samu kayan aiki irin na takwarorinsu na ko'ina.

Kyamarorin yanzu suna iya ɗaukar hoto a wani yanayi da yake fitowa fari-fari, ruwan toka, kamar an wanke shi. Da gangan ake haka don a adana bayanan haske da na inuwa, a bar wa mai gyara ya dawo da launi yadda ake so. Fim ɗin da aka ɗauka haka aka fitar ba gyara yakan zama kamar an kalle shi ta cikin hazo. Wanda aka zuba wa shiryayyen launi da aka sauko daga intanet, ba tare da an duba kowace fitowa ba, yakan fito da inuwa shuɗiya da fuskoki ruwan lemo.

Abin da ya fi wuya a fim ɗin Hausa shi ne haɗuwar farar shadda da baƙar fata a tsakar rana. In aka buɗe kyamara don fuska ta fito, shadda ta ƙone, aikin ɗinkinta ya ɓace. In aka rufe don a ga aska takwas a wuyan riga, fuska ta nutse a duhu. Matsalar tana da tsohon tarihi: katunan gwaji da Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto tun shekarun 1950 hoton farar mace ke jikinsu, a kanta ake saita na'ura. Maganin yana farawa tun a lokeshin, da sanya inuwa ko maido da haske kan fuska, sannan mai gyara ya ware fuskar ya ɗaga ta ita kaɗai. Wannan dama ita ce kuma ke ba da hanyar wuce gona da iri, a haskaka jarumi ko jaruma har wankan tarwaɗa ya koma fari sol, a goge fuska ta zama kamar roba. Hazon hunturu shi ma yana rage kaifi ya bar fari-farin rawaya a sararin sama, ta yadda fitowar da aka ɗauka a Disamba ba ta haɗuwa da ta Agusta sai da aiki.

Waya, tauraron ɗan'adam da intanet

Da kasuwar faifai ta durƙushe a shekarun 2010, sai shagunan tura fim a waya suka maye gurbin na haya a unguwanni, Unguwar Rogo da sauran sassan Sakkwato ba su fita daga ciki ba. Masu wannan sana'a, da ake kira 'yan dawunlodin, sukan matse fim ya ƙanƙance don memori ya ɗauki da yawa. A kan ƙananan wayoyin farko, hoton 3GP yakan sauko har ɗigo 176 da 144. Finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, irin na kamfanin Algaita, ta nan suka fi yaɗuwa. Turawa ta Xender ko Bluetooth ba ta taɓa ingancin fayil, amma WhatsApp yakan sake matse bidiyo idan aka tura shi, don haka tsohuwar cutar kwafin kwafi ta dawo da sabuwar riga.

Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, ta saba wa masu kallo da hoto mai daidaiton launi daga mako zuwa mako. Daga 2020, finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka ja jama'a zuwa YouTube. A can ma fim ba kama ɗaya gare shi ba. YouTube yana sake matse duk abin da aka ɗora, ya ajiye shi mataki-mataki daga 144 zuwa 1080 ko sama, mai kallo kuma ya zaɓi wanda datarsa za ta ɗauka. Cikakken hoton 1080 ɗigo miliyan biyu da 'yan kai ne, ya ninka na VCD sau ashirin, amma wanda ke tattalin data a 240 bai wuce inda VCD ya tsaya ba.

Wasu sauye-sauyen kuskuren juyi ne. Ma'aunin launin tsohon bidiyo, Rec. 601, ya bambanta da na sabon, Rec. 709, in aka ɗora tsohon fim ba a juya ma'aunin ba, ja da kore sukan ɗan kauce. In aka rikita iyakar baƙi da fari, hoto ya fito ko dai a wanke ko a ƙone. Tsofaffin finafinai masu allon huɗu bisa uku kuma sau da yawa ana ja su don su cika faffaɗan allo, sai 'yan wasa su gajarce su yi faɗi. Daga ƙarshe akwai allon mai kallo: sababbin talabijin da wayoyi da yawa suna zuwa a saite da launi mai ƙarfi da haske mai shuɗi-shuɗi don su ɗauki ido a kanti, kuma mutane ƙalilan ne ke sauyawa.

Gardamar sauya launi

A ƙasashen da ake sake fitar da tsofaffin finafinai a kowane sabon mazubi, daga DVD zuwa Blu-ray a 2006, zuwa faifan 4K a 2016, sauya launi ya jawo muhawara. A shekarun 1980 attajirin talabijin Ted Turner ya sa aka riƙa shafa wa finafinan baƙi da fari kala, daraktoci suka yi ca, lamarin da ya taimaka wajen kafa dokar adana finafinai ta Amurka a 1988. Indiya ta yi irin wannan da Mughal-e-Azam na 1960, wanda aka sake fitarwa da kala a 2004, ya kuma samu karɓuwa.

Fim ɗin The Matrix na 1999 an ƙara masa kore a fitowar DVD ta 2004 don ya dace da na biyu da na ukunsa, sannan a fitowar 2018 aka rage koren ƙarƙashin kulawar mai ɗaukar hotonsa, Bill Pope. A 2009 darakta William Friedkin ya fitar da The French Connection a Blu-ray da wani launi dabam, mai ɗaukar hotonsa Owen Roizman ya fito fili ya soki aikin, a 2012 aka sake fitarwa da amincewar su biyun. Ɓangare ɗaya na ganin mai fim yana da ikon gyara kayansa duk lokacin da ya so. Ɗaya ɓangaren na ganin fim, da zarar ya fita, ya zama shaidar zamaninsa, don haka in za a sauya, a bar na asali yana samuwa. Akwai kuma wata sarƙaƙiya: abin da mai kallo ke tunawa a matsayin launin asali sau da yawa launin kaset ko faifan da ya fara gani ne, wanda shi ma juyi ne.

Adanawa da maidowa

Misali mafi kusa a ƙasar Hausa shi ne Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Balin ta juya shi zuwa kwamfuta ta gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Irin wannan aiki yana buƙatar hukunci a kan launi, domin zaren fim mai kala na wancan zamani yana koɗewa ba daidai ba: shuɗi-kore da rawaya kan riga gudu, su bar hoto ja-ja. Mai maidowa yakan dogara da tsohon kwafin da bai lalace ba, ko shaidar waɗanda suka yi aikin, don ya kusanci yadda fim ɗin ya fito tun farko.

Shaihu Umar ya maidu ne don a zare aka ɗauke shi, zare kuwa yana riƙe da bayanai fiye da abin da talabijin ɗin zamaninsa ya iya nunawa. Finafinan bidiyo ba su da wannan ajiya. Fim ɗin da aka ɗauka da VHS, iyakarsa ke nan. Mafi kyawun abin da za a samu shi ne kaset ɗin kyamara ko masta na farko. Masu adana kayan tarihi kan ƙiyasta wa zaren kaset shekara 10 zuwa 30, gwargwadon yadda aka ajiye shi, kuma kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Da dama daga tsofaffin finafinan Hausa da ke YouTube a yau daga kaset ɗin kasuwa ko VCD aka ɗauko su, da duk tabon da suka kwaso a hanya.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya ƙara wa irin wannan hoto kaifi da girma, sai dai abin da suke ƙarawa kintace ne: sukan ƙirƙiri gashin ido, haƙora ko zanen hula da babu su a asali. Saboda haka ƙa'idar ma'ajiyoyin finafinai ita ce a nemi kwafi mafi kusa da kyamara, a juya shi da na'ura mai daidaita rawar zare, a ajiye wannan juyi yadda yake ba tare da an matse shi ko an taɓa launinsa ba. Duk gyaran da za a yi don masu kallo, a kan wani kwafi dabam ake yinsa, a kuma rubuta abin da aka sauya, da wanda ya sauya, da ranar da aka yi.